Wa Ya Tuƙa Tuwon Nan?

Duk wanda ya san ni a farkon zamana a Jami'ar Maiduguri zai iya shaida cewa ba ilimi ne ya fara fito da sunana ba, tuwo ne. Gidan hayar da muka kama a Mairi, unguwar nan da ke manne da jami'a, bai fi ɗaki uku da zaure ba, amma da wuya rana ta fito ta faɗi ba a shimfiɗa wa wani tabarma a zauren nan ba. Ɗalibin da guzurinsa ya ƙare kafin ƙarshen zango, da malamin da iyalinsa suka yi tafiya, da mutumin garinmu Katsina da ya zo fataucin kifi dare ya yi masa, duk nan suke yada zango. Maƙwabtanmu Barebari, waɗanda ke kiran kowane Bahaushe Afuno, har sun laƙaba wa gidan suna, wai gidan Afuno mai tuwo. Ni kuwa in an yabe ni sai in sunkuyar da kai in ce, "Ai baƙonka Annabinka," alhali a zuci ina jin kamar an naɗa mini rawani. Aikina a cikin wannan karamci bai wuce in leƙa cikin gida in ce, "Mun yi baƙi, mutum uku," ba. Jim kaɗan sai kwanuka su fito. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ta wace hanya suke fitowa ba.

A wancan zamani Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus tana da wani babban shirin bincike a kan harsuna da tarihi da yanayin ƙasa na yankin Afirka ta Yamma, wanda ya gudana daga 1988 zuwa 2002, kuma jami'armu tana cikin manyan abokan aikinsa. Masu binciken wannan shiri ne, tare da takwarorinsu na nan gida, suka haƙo kwalekwalen Dufuna a 1994, jirgin ruwan nan na itace da aka ƙiyasta ya kai shekara 8,000. Jamusawa suna zuwa Maiduguri, mu ma wasunmu suna zuwa can. Da yawansu sun ci tuwo a zaurena. A ƙarshen 1994 sai rabo ya faɗo kaina, na tafi Frankfurt na wata shida domin aiki a kan kalmomin aro tsakanin Hausa da Barbarci. Na bar uwargida da yara huɗu a Mairi.

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin sanyi ba, domin duk wanda ya je Turai ya dawo, da shi yake fara cika mana kunne. Abin da ya fi sanyi damuna shi ne gayyata. Mutanen nan sun karɓe ni hannu bibbiyu, amma karɓarsu tana da ƙa'ida. Mutum zai tare ka a ofis ya ce yana gayyatarka cin abincin dare, ka ɗauka yau ne ko gobe, sai ka ga ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya ce, "Ranar Juma'a ta mako uku masu zuwa, da ƙarfe bakwai da rabi." In ka je, kujeru a ƙirge suke, faranti a ƙirge, yankan nama ma a ƙirge. Da farko na ɗauki wannan a kan rowa. Daga baya na gane ba rowa ba ce, domin mutumin da ya ƙirga yankan naman shi ne ya je kasuwa ya sayo shi, shi ya dafa, shi kuma zai wanke tukunyar. Ran da na fara ganin wani dattijon farfesa, mai furfura har a gira, ya ɗaura ƙyallen girki a ƙugu yana juya miya, matarsa kuwa tana zaune da mu tana hira, kunya ce ta kama ni a madadinsa. Na kawar da kai kamar na ga abin da bai kamata in gani ba.

Ba ni ne Bahaushen farko da irin wannan zama ya ɗaure wa kai ba. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855, ya bayar da labarin tafiyarsa, har da yadda ya ga Turawa suna zaman cin abinci, kuma J.F. Schön ya buga labarin a littafin Magana Hausa a 1885. Sai dai shi Dorugu kallo ya yi ya bayar da labari. Ba a taɓa sa ran zai rama ba. Ni kuwa abokin aiki ne, ana kirana Malam, ana jera sunana da nasu. Kafin azumi ya kama a watan Fabrairu na 1995 na ƙirga gidaje bakwai da na ci abincinsu, ban ba kowa ko ruwa ba. Babu wanda ya ce mini uffan. Amma mutumin da aka sani da zaure a garinsu, in ya zama kullum shi ne mai miƙa hannu, akwai abin da ke cin sa a rai wanda ba ya faɗuwa. Bashin tuwo ba a kai ƙararsa gaban alƙali, sai dai yana hana barci.

Saboda haka na yanke shawarar in gayyace su bayan Ƙaramar Salla. Na zaro nawa ɗan littafin, na bi su ofis ofis, mutum shida. Sai da na gama na koma ɗakina na zauna, sa'an nan gaskiya ta tsaya a gabana: ina da shekara talatin da takwas a duniya, ban taɓa tuƙa tuwo ba. A gidanmu yaro namiji in ya cika leƙa madafi sai a kore shi, a ce zai zama ɗan daudu. Wata huɗun da na yi a Frankfurt, burodi da shayi da ƙwai da taliya ne suka riƙe ni. Hausawan da na sani mafi kusa suna can birnin Kolon, inda Sashen Hausa na Muryar Jamus yake a lokacin, kuma girman kai bai bar ni na buga musu waya na ce a koya mini girki ba.

Sai na rubuta wa uwargida wasiƙa, na ba wani ɗalibin bincike da zai je Maiduguri ya dawo cikin mako uku. Na roƙe ta ta rubuto mini yadda ake tuwon shinkafa da miyar kuka, daki-daki, da ma'auni. Da ya dawo sai ya miƙo mini ƙullin kaya: garin kuka, da daddawa, da 'yar kanwa, da yaji, da zoɓo, da citta, da maburgi, da mara, da turaren wuta irin na matan Barno. Babu wasiƙa. A maimakonta akwai kaset.

Na sa kaset ɗin a rediyo da daren nan. Bayan gaisuwa, da muryoyin yara kowa yana faɗin tsarabar da yake so, sai ta kore su ta gyara murya. "Malam," in ji ta, "ka ce in rubuto maka ma'auni. To, ni ban san ma'auni ba, ido ne da hannu. Amma ka saurara." Ta yi kusan minti arba'in tana magana. A shekara goma sha biyu da aurenmu ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba, ko kuwa dai in ce ban taɓa tsayawa na saurara ba. Ta ce a wanke shinkafa a jiƙa ta, a zuba mata ruwa fiye da na dafa-duka, a bar ta ta dahu har in ka matsa ƙwaya da yatsa ta narke. Sa'an nan a rage wuta a tuƙa, a tuƙa ana danna ta da jikin tukunya, a rufe ta turara, a sake tuƙawa. Ta ce miyar kuka ba ta son gaggawa kuma ba ta son a juya mata baya: hannun hagu yana barbaɗa gari kaɗan kaɗan, na dama yana kaɗawa da maburgi, in ka zuba da yawa gudaji za ta yi, in ka bar ta a wuta bayan ta yi kauri ɗaci za ta yi. Ana cikin haka sai in ji ƙarar tukunya, ko ta tsawata wa wani yaro, ko wani ya yi sallama daga zaure. Ashe tana girki ne tana ɗaukar maganar. Kuma ashe ko da ba na nan, zauren bai daina karɓar mutane ba.

Cefane ya ci mini kwana biyu. Nama na samu a shagunan Turkawa da ke kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda ake sayar da yankan Musulmi. Shinkafar tuwo kuwa babu, sai da wata mai shago ta nuna mini wata gajera mai ƙiba da Jamusawa ke dafawa da madara su zuba sukari, ta ce ita ce mai danƙo. Man shanu na soya da albasa kamar yadda kaset ya ce. Muciya babu, sai wani babban cokalin katako. Turmi ma babu, saboda haka na ƙulle daddawa a tsumma na ɗora a ƙasa ina bugu da gindin kwalba. Ban yi bugu ashirin ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar da ke zaune a ƙarƙashin ɗakina ce, ta nuna mini agogon hannunta: ƙarfe goma na dare ta wuce, lokacin da ba a yarda da hayaniya ba. Tana cikin magana sai hancinta ya shaƙi daddawa. Ta ja da baya taku biyu, ta tambaye ni cikin ladabi ko wani abu ya mutu a ɗakin. Na ba ta haƙuri da guntun Jamusancina. Ban ga laifinta ba. Ni ma ran da na fara shaƙar wani cukunsu mai tsanwa-tsanwa, tambayar da na yi a zuci ke nan.

Gwajin farko kunu na samu. Na biyu ya kama, ƙauri ya cika ɗaki, na kwana ina kankare ƙanzo. Na uku ya yi kama da tuwo in an dube shi daga nesa. Kafaɗata ta dama kuwa ta riƙe kamar na yi noman kwana uku, a kan tuwon mutum ɗaya tak.

Ranar Asabar ɗin da aka sa, wajen tsakiyar Maris, na tashi tun asuba. A lokacin shaguna a Jamus ƙarfe biyu na rana suke rufewa a yawancin ranakun Asabar, ran Lahadi kuwa ba sa buɗewa sam, ga shi babu maƙwabciyar da za a aiki yaro wurinta a ce a sammana gishiri. Sau uku ina sauka ina hawa bene domin abin da na manta. Wata daga cikin baƙin ta riga ta gaya mini ba ta cin nama, abin da ban taɓa ji ba daga bakin mai lafiya, don haka tukunyar miya biyu na ɗora, ɗaya da romon rago, ɗaya daddawa da albasa kawai. Mutum shida na gayyata, amma da na zo auna shinkafa sai hannuna ya ƙi. Bahaushe ba ya dafa abinci daidai da baki, domin akwai rabon wanda bai zo ba tukuna, da na almajiri, da na ɗumame. Na dafa abin da zai ishi mutum goma sha biyar. Ina cikin kwashe malmala ta ƙarshe, gumi ya jiƙa mini riga, ƙararrawa ta kaɗa. Na dubi agogo: bakwai da rabi, ko minti ɗaya babu a kai.

Suka shigo, kowa da abu a hannu. Wannan furanni, wancan alewa. Dattijon farfesa ya yi sallama da Hausa, ya shaƙi turaren wuta ya ce, "Kai, yau mun dawo Barno." Na ƙarshensu wani saurayi ne sabon zuwa shirin, bai taɓa taka Afirka ba. Ya miƙo mini doguwar kwalba a naɗe da takarda mai ƙyalli, fuskarsa cike da fara'a. Giya ce, irin ta inabi, kuma daga yadda ya riƙe ta na san ya kashe mata kuɗi.

Nan fa ɗaki ya yi tsit. A tarbiyyar da na samu ba a mayar da hannun kyauta, balle ta baƙo, balle a gaban mutane. A addinina kuwa ba zan karɓi wannan in ajiye ba, balle in zuba wa wani. Abu biyu da aka koya mini a zaure ɗaya, a bakin mahaifi ɗaya, ga su sun yi karo a bakin ƙofata. Na so in karɓa in tura bayan labule a wuce wurin, amma na san za a zo ci ya tambaya ina take. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce masa na gode ƙwarai da ya tuna da ni, sai dai ni Musulmi ne, ba a shan wannan a ɗakina, ina roƙonsa ya riƙe ta ya sha da wanda za ta yi wa daɗi. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya yi ta ba da haƙuri, ni ma ina ba shi, ya rasa inda zai sa kwalbar, daga bisani ya cusa ta a aljihun babbar rigarsa ta sanyi, wuyanta yana leƙowa. Har yau in na tuna ina jin nauyin abin. Ban yi nadamar ƙin karɓa ba, amma da tun wajen gayyata na faɗa, da ban kunyata yaron mutane ba. Laifina ne, domin na saba da garin da ba sai an faɗa ba.

Zoɓo ne ya cece mu. Da na tsiyaya shi a kofunan gilashi, jajir da shi, farfesa ya ɗaga nasa ya ce ga giyar Mairi, aka yi dariya, saurayin ma ya yi.

Na kawo ruwan wanke hannu a roba, na ajiye cokula ga mai so. Sa'an nan na yi abin da na saba: na ce bismilla, a ci lafiya, na juya zan koma madafi. A wurinmu girmama baƙo shi ne a kai masa abinci a ba shi wuri, kada ido ya hana shi ƙoshi. Sai suka ajiye hannu gaba ɗaya suna kallona. Wai ba za a fara ba sai mai gida ya zauna. Na zauna, amma ban iya ci ba. Idona yana kan kowace loma. Na ga gudaji biyu a miyar farfesa, na ji kamar in nutse. Na ga mai ƙin nama ta ƙara malmala, na ji kamar an ba ni digiri. Ban taɓa sanin cewa mai girki yana zama da zuciyarsa a hannu haka ba. An yi hirar kwalekwalen Dufuna, da ta kasuwar kifi ta hanyar Baga, da gardamar ko Hausa ce ta ari wata kalma daga Barbarci ko Barbarci ne ya ara, amma rabin hankalina yana cikin kwano.

Can sai matar nan da ba ta cin nama, wadda ta taɓa yin wata uku a Maiduguri, ta ce, "Malam, wannan ya yi kusa da wanda na ci a gidanka a Mairi. Wancan ma kai ka dafa?"

Na ce a'a, iyalina ce.

"Sau uku na ci abinci a gidanka," in ji ta, "ban gan ta ba. Kai na yi wa godiya duk sau ukun. Yaya sunanta?"

Ba da wata manufa ta yi tambayar ba, kuma ina da amsoshi a shirye: kunya, da al'ada, da cewa ba a faɗin sunan matar aure a taron maza, da cewa ita kanta ba za ta so a fito da ita ba. Duk gaskiya ne, kuma har gobe ban ɗauki tsarin gidajenmu abin kunya ba. Amma kafaɗata tana zogi a lokacin, ga ƙunar tururi a bayan hannuna, sai amsoshin suka yi mini nauyi a baki. Maimakon haka na tashi na kunna musu kaset. Mutum shida suka yi shiru suna sauraron muryar wata mata daga Mairi tana bayanin yadda ake kaɗa kuka, tukunya tana ƙara a bayanta. Waɗanda ke jin Hausa suna fassara wa sauran. Da aka zo inda ta ce, "In duk ya ƙi, Malam, ka dafa musu taliyarka, kada ka kashe 'ya'yan mutane," farfesa ya yi dariya har da hawaye.

Ƙarfe goma sha ɗaya suka tashi. Saurayin mai kwalba ya ƙi tafiya, ya naɗe hannun riga ya tsaya muka wanke tukwane tare, ni da na kawar da kai don na ga farfesa da ƙyallen girki. Tuwon da ya rage kuwa, babu almajirin da zai yi bara a ƙofa. Kwana biyar ina ɗumame.

Na dawo gida a watan Afrilu. Zan so in ce na dawo na zama wani mutum dabam, amma ƙarya ba ta da amfani a wannan shekaru nawa. Na koma zaurena, kwanuka suka ci gaba da fitowa. Abin da ya sauya kaɗan ne: na daina aika saƙon baƙi bayan an sauke tukunya, kuma in an yi mini godiya nakan ce a bari in isar wa mai ita. Saurayin nan ya zo Maiduguri bayan shekara guda, ya sauka a wurinmu, ya kawo wa uwargida tukunyar ƙarfe mai kauri wadda tuwo ba ya kamawa a cikinta. Shirin bincike ya ƙare a 2002. Daga 2009 kuma, da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ƙafar baƙin Turai ta ɗauke daga garin.

Sai wasu baƙin suka zo, waɗanda ba su da ɗan littafin sa rana. A farkon Satumba na 2014 garin Bama ya faɗa hannun 'yan bindiga, mutane suka kwararo ta hanyar nan da ta wuce ta gaban jami'a, da yawansu a ƙafa. Iyalan wani tsohon ɗalibina suka iso ƙofarmu da tsakar dare, su goma sha ɗaya, da tsohuwa da jarirai, ba su da komai sai kayan jikinsu. Aka buɗe zaure, aka buɗe ɗakin yara. Wata bakwai suka yi tare da mu.

Washegarin zuwansu, da na dawo daga sallar asuba, na tarar da uwargida ta riga ta hura wuta a murhu biyu. Ta manyanta a lokacin, gwiwa tana damun ta, 'yan matanmu duk sun yi aure. Na tsaya a bakin madafi na ɗan lokaci. Sa'an nan na tuɓe babbar riga na rataye a ƙyaure, na jawo kujera 'yar tsugunno, na ɗauki maburgi. Ta dube ni, ta dubi matan Bama da ke zaune a gindin bango suna kallon ikon Allah. Na ɗauka za ta kore ni. Sai ta turo mini kwanon garin kuka da ƙafa.

"Kaɗan kaɗan, Malam," in ji ta. "Kana barbaɗawa kana kaɗawa."

Ta juya ta ci gaba da tuƙinta.